Kocin Kofi ko Kocin Raino: Wanne Ya Dace da Kulob ɗin Ƙauye?

Da an gama girbi, an kwashe gero da dawa daga gona, filayen makarantun firamare a garuruwan Jigawa da ƙauyukan Kano sukan koma hannun matasa. Lokacin ne ɗan siyasa ko wani mai hali yake saka kofi, lokacin ne kuma kwamitin kulob ɗin gari yake zama don ya tsayar da wanda zai damƙa wa yara. Daga ƙasar Ringim zuwa Gumel, daga Ɗambatta zuwa Bichi, kusan mutum iri biyu ake kawowa gaban kwamiti. Akwai wanda ya taɓa ɗaukar kofi a wani gari, wayarsa cike da lambobin 'yan wasa na Kano da Haɗeja, in ka ba shi kuɗin mota da na sallama zai sauke maka mutum biyar ranar wasa. Akwai kuma wanda kullum bayan la'asar yana fili da usur a wuya, yana fama da yara 'yan shekara sha uku zuwa sha bakwai, galibi malamin makaranta ne ko tsohon ɗan wasan da rauni ya zaunar da shi. Abin da ke asusun kulob, wanda karo-karo ne da ɗan abin da aka samo wurin manyan gari, ba zai ɗauki su biyun ba. Dole a zaɓi ɗaya.

Gardamar da ake yi a kansu ita ce dai wadda ake kwana ana yi a gidan kallo bayan an kashe janareta, wato ta Mourinho, tsohon kocin Chelsea, da Wenger, tsohon kocin Arsenal. 'Yan Chelsea su ce kofi shi ne shaida, 'yan Arsenal su ce a dubi yaran da aka raina da kuɗin da aka samu a kansu. Tunda a nan tunanin yawancin 'yan kwamiti ya ginu, gara mu fara daga nan, amma mu kawo lissafin gaba ɗayansa, ba rabin da ya yi wa kowa daɗi ba.

Mourinho ba mutumin da za a raina ba ne. Ya ɗauki kofin zakarun Turai da Porto a 2004, ƙungiyar da ba wanda ya sa ta a lissafi. Ya zo Chelsea ya ci gasar Firimiya a 2005 da 2006, bayan ta shekara hamsin rabonta da kofin lig. Ya haɗa kofi uku a kaka ɗaya da Inter a 2010, ya ci lig ɗin Sifaniya da Real Madrid a 2012 a gaban Barcelona ta Messi, ya dawo Chelsea ya sake cin Firimiya a 2015. Wanda ya ce wannan sa'a ce bai yi adalci ba. Aikinsa shi ne ya karɓi gwanayen da suka riga suka nuna, ya tsara su, ya sa musu zuciya, ya san yadda ake kashe wasa idan an ci ɗaya. Wannan ilimi ne, kuma ba kowa ke da shi ba.

Amma a dubi abin da ya wuce ta hannunsa a zuwansa na biyu Chelsea. Kevin De Bruyne wasa uku kacal ya buga wa Chelsea a lig, aka sayar da shi ga Wolfsburg a Janairun 2014 a kan kimanin fam miliyan 18. Bayan shekara ɗaya da rabi Manchester City ta saye shi a kan kimanin fam miliyan 55, ya zama ginshiƙinta na shekara goma. Mohamed Salah a watan da De Bruyne ya tafi aka kawo shi daga Basel, ya buga wasa 13 a lig, sauran lokacin yana benci, aka ba da shi aro ga Fiorentina sannan Roma. Da ya dawo Ingila a rigar Liverpool, ƙwallo 32 ya zura a lig a kakarsa ta farko. Lukaku kuwa an sayar wa Everton shi a 2014 a kan fam miliyan 28, sai ga Mourinho da kansa a Manchester United ya saye shi a 2017 a kan fam miliyan 75. Ba wai bai san ƙwallo ba ne. Kocin da aka ɗauka don ya kawo kofi bana ba shi da lokacin jiran yaro ya yi kuskure ya gyara, domin kuskuren yaron nan maki ne, makin kuma shi ne aikinsa.

Wenger ya bi ɗaya hanyar. Ya sayi Nicolas Anelka yana ɗan shekara 17 a kan fam dubu 500 a 1997, bayan shekara biyu ya sayar wa Real Madrid shi a kan sama da fam miliyan 22. Da kuɗin aka gina sabon filin atisaye, aka kuma ɗauko Thierry Henry daga Juventus, inda ake sa shi a gefe bai taɓuka komai ba, Wenger ya mayar da shi tsakiyar gaba ya zama wanda ya fi kowa ci wa Arsenal ƙwallo a tarihi. Kolo Touré fam dubu 150 aka biya ASEC Mimosas ta Abijan a kansa a 2002. Fabregas yana ɗan shekara 16 aka kawo shi. Kanu namu, bayan aikin zuciyar da aka yi masa da zaman bencin Inter, a hannun Wenger ya sake tashi daga 1999. Kuma kada a manta ya ci Firimiya sau uku, 1998 da 2002 da 2004, na ƙarshen ba a doke shi ko sau ɗaya ba, ga kofin FA guda bakwai.

Sai dai 'yan Arsenal su ma suna da rabin da ba sa son a tuna. Daga 2005 zuwa 2014 ba kofi ko ɗaya. An gina filin Emirates, bashi ya hau, ƙungiya ta koma raino da sayarwa. Fabregas ya koma Barcelona a 2011, Nasri ya tafi City a shekarar, a watan Agustan nan Manchester United ta zuba musu 8 da 2. Van Persie ya tafi United a 2012, ya ci musu lig a kakarsa ta farko. Serge Gnabry, wanda a Arsenal ya taso, an sake shi ga Werder Bremen a 2016 a kan kuɗi kaɗan, daga baya ya zo Landan a rigar Bayern ya zura wa Tottenham huɗu a dare ɗaya. Wato mai raino ma yana kuskuren gane yaro, kuma yana iya shekara da shekaru yana yi wa wasu wahala.

Ni abin da na ɗauka daga tarihin mutanen nan biyu shi ne, kowannensu ya dace da aljihun da ya tarar. Mourinho ya zo Chelsea shekara ɗaya bayan attajirin Rasha Abramovich ya saye ta, in ɗan wasa bai yi ba a kawo wani. Kulob ɗin garinku ba shi da Abramovich. Abin da yake da shi yara ne, da fili, da yamma bayan an taso daga gona ko kasuwa. Duk wanda ya san kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis ya san bambancin mai sayen rago ana jibi Sallah da wanda ya sayi ɗan tunkiya tun bayan damina yana ba shi dusa da harawa. Dukansu za su yi layya, amma na farko sai ya sake nemo kuɗi baɗi, kuma farashin ba a hannunsa yake ba.

Farashin ɗan wasa ba shi ne ƙimarsa ba

A nan ne gardamar gidan kallo ta fi ɓata tunanin mutane. An mayar da kuɗin da aka sayi ɗan wasa ma'aunin iyawarsa, har yaro a ƙauye yana ganin in ba a kira miliyoyi a kansa ba bai iya ba. Alhali farashi abubuwa da yawa ke haɗa shi: shekarun ɗan wasa, shekara nawa suka rage a kwantiraginsa, gasar da yake bugawa, gurbin da yake tsayawa, da kuma irin matsuwar mai saye. PSG ta biya yuro miliyan 180 a kan Mbappé, a 2024 ya tafi Real Madrid ba a biya ta ko sisi ba, saboda kwantiragi ya ƙare. Ƙafarsa ba ta canza ba. Leicester ta ɗauko N'Golo Kanté daga Caen a kan ƙasa da fam miliyan 6 a 2015, da Riyad Mahrez daga rukuni na biyu na Faransa a kan abin da bai kai rabin miliyan ba, suka ci mata Firimiya a 2016. A ɗaya gefen Arsenal ta zuba fam miliyan 72 a kan Nicolas Pépé a 2019, ƙarshe ta sallame shi ba ta ga abin da ta saya ba.

Misalan gida sun fi kusa da mu. Victor Osimhen ya zura ƙwallo 10 a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a Cile a 2015, ƙarƙashin Emmanuel Amuneke. Ya tafi Wolfsburg ta Jamus, bai ci ko ɗaya ba, ga rauni ga rashin lafiya. Da a lokacin aka yanke masa hukunci da an ce ya ƙare. Charleroi ta Beljiyam ta karɓe shi aro a 2018, ta riƙa sa shi kowane mako, ya ci 20. Daga nan Lille, daga nan Napoli a 2020 a kan kimanin yuro miliyan 70, ya ci musu lig ɗin Italiya a 2023 da ƙwallo 26, bayan shekara 33 suna jira, aka ba shi gwarzon Afirka. Yaron ɗaya ne a Jamus da Beljiyam. Abin da ya bambanta shi ne a wuri na biyu an samu wanda ya yarda ya sa shi a fili.

Ahmed Musa kuma kowa a nan ya san labarinsa. Daga Jos ya zo Kano Pillars aro, ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, abin da ba a taɓa yi ba a lig ɗin Najeriya kafin lokacin. Ya tafi VVV-Venlo ta Holan, ƙaramar ƙungiya wadda yawancinmu sai a kansa muka fara jin sunanta, daga can CSKA ta Mosko a 2012. Kuɗi mafi tsoka da aka taɓa biya a kansa a Turai shi ne na Leicester a 2016, sama da fam miliyan 16, kuma a nan ne ya fi zaman benci a rayuwarsa. Sai da ya koma CSKA aro a farkon 2018 ya samu wasa, sannan ya je gasar duniya ya zura wa Aisilan biyu. Lokacin da farashinsa ya fi tsada shi ne lokacin da ya fi ƙarancin taka leda. Zaidu Sanusi, ɗan Jega, shi ma ta ƙananan ƙungiyoyin Fotugal ya bi kafin Porto ta ɗauke shi a 2020, kuma ƙwallonsa a ragar Benfica ce ta tabbatar mata da kofin lig a 2022. Alhassan Yusuf, haifaffen Kano, ta Göteborg ta Suwidin ya bi ya isa Antwerp. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya yi tsalle daga filin unguwa zuwa babbar ƙungiya. Dukansu minti suka tara, wasa bayan wasa.

To a nan ne kocin haya yake yi wa gari ɓarnar da ba a gani ranar. Idan ya kawo mutum biyar daga birni, yara biyar na gari ne suka koma bakin layi. Gasar da ake yi sau ɗaya a shekara, wadda ita kaɗai ce damar da yaron ƙauye yake da ita ya buga a gaban taro, da alƙalin wasa na gaske, da tsoron a fitar da su, ita ce aka ba baƙo. Yaron da ya yi wata uku yana zuwa atisaye ya ga an miƙa rigarsa ga wanda ya sauko daga mota da azahar, ba sai an gaya maka abin da zai yi baɗi ba. Ko ya tafi ci-rani, ko ya koma kulob ɗin garin maƙwabta, ko ya zauna a majalisa. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara: ɗan haya da ya ci muku kofi bana, in garin da kuka doke ya ƙara masa dubu biyar, shi ne zai zura muku baɗi.

Akwai kuma maganar kuɗi wadda yawancin kwamitoci ba su sani ba. A dokar FIFA, duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata yana cikin kwantiragi, ana cire kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. Kowace shekara daga 12 zuwa 15 tana da rubu'in kashi ɗaya, kowace shekara daga 16 zuwa 23 tana da rabin kashi ɗaya. A ƙaddara yaro ya yi shekara huɗu a hannunku, daga 12 zuwa 15, daga baya aka sayar da shi a kan yuro miliyan ɗaya. Rabonku yuro dubu 10 ne, wanda a canjin yanzu ya haura naira miliyan goma, kuma duk sanda aka sake sayar da shi haka za ku sake samu. Wace gasar ƙaramar hukuma ce take ba da wannan? Amma sharaɗin shi ne kulob ya kasance da rajista da hukumar ƙwallon ƙafa, yaron kuma sunansa yana rubuce a matsayin ɗan wasanku a waɗannan shekaru. In babu takarda babu ko kwabo, ko da duk garin zai rantse a filinku ya koyi buga ƙwallo. Ɗan haya ba ya kawo muku wannan har abada, domin a wani wuri aka raine shi.

Ba na so a ɗauka cewa kowane gari zai fitar da Sadio Mané, wanda ya tashi a ƙauyen Bambali na Sanagal, ya bi ta makarantar Génération Foot zuwa Metz, ya dawo ya gina wa garinsu asibiti da makaranta. Mafi yawan yaranmu ko Kano Pillars ko Jigawa Golden Stars ba za su kai ba, balle Turai. Tsakanin filin firamare da gasar ƙwararru akwai matakai biyu na lig a ƙasa, kowanne da tasa wahalar. Wanda ya zaɓi kocin raino don yana hangen yuro kaɗai zai ji kunya. Ribar da ta tabbata ita ce ta kusa: yara talatin da suka san lokacin zuwa da na tashi, suna da babba a kansu wanda zai tsawata musu, ga jikinsu a motse, a shekarun da shaye-shaye yake ɗauke mana matasa. Kocin da ya san uban kowane yaro, ya san wanda zai makara saboda ban-ruwa a fadama, ya tsayar da atisaye kafin kiran magariba, ya ƙi sa yaron da ya gudu daga Islamiyya, shi iyaye suke sakar wa 'ya'yansu. Baƙo ba zai samu wannan amincewa a wata ɗaya ba.

Inda kocin kofi ya fi

Duk da haka akwai halin da in kuka ɗauki mai raino kun yi kuskure. Idan kulob ɗinku ya riga ya nuna, 'yan wasanku samari ne 'yan ashirin da biyu zuwa ashirin da shida, sun shekara biyar tare, kullum sai an kai wasan kusa da na ƙarshe a fitar da ku, to ba raino kuke buƙata ba. Kuna buƙatar wanda ya san yadda ake tare gida a minti goma na ƙarshe, wanda zai tsara masu bugun fenariti tun kafin ranar, wanda ya san lokacin canji. Haka idan kuna neman hawa wani mataki na lig kuma wasa biyu ko uku ne za su yanke. Kuma kofi yana da nasa aikin da ba a musu: ranar da aka zagaya gari da shi a bayan a-kori-kura, yaran da ba su taɓa zuwa fili ba washegari za ka gan su, mai halin da ya daɗe yana kau da kai zai sayi riguna. Garin da ya shekara takwas ba nasara, mutane sukan gaji da ba da karo-karo. Amma ko a wannan hali, basirar kocin kuke saya, ba motar 'yan hayarsa ba. In ya ce ba zai iya ba sai da mutanensa, ya riga ya gaya muku cewa ba shi ne ya ci kofunan da yake taƙama da su ba. A kuma karanta dokar gasar, domin da yawa suna iyakance baƙi, kuma ƙorafi ɗaya daga abokan hamayya yana iya ƙwace nasarar da aka kashe wa kuɗi.

Mai raino ma ba kowanne ne na kirki ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro fiye da ɗan haya. Akwai wanda kalmar raino ta zame masa mafaka, shekara huɗu ana cin sa yana cewa yara ne, alhali babu yaro ɗaya da za ka nuna ka ce ga abin da ya ƙaru da shi. Akwai wanda yake rage wa yara shekaru, ya kai ɗan ashirin gasar 'yan sha biyar ya dawo da kofi yana cewa ya raina. Wannan cuta ta taɓa kunyata ƙasar nan gaba ɗaya: FIFA ta fara gwajin ƙashin wuyan hannu don gano shekarun 'yan wasa a 2009, kuma a 2016 'yan wasa 26 na tawagar Najeriya ta 'yan ƙasa da 17 suka faɗi gwajin ana dab da wasa, Nijar ta fitar da mu, muna riƙe da kofin duniya a lokacin. Mafi muni shi ne wanda ya mayar da yara haja, ya haɗa baki da dillalin da zai zo ya ce wa uba, "Baba, yaron nan naka Turai ce ta dace da shi, a kawo kuɗin biza da na jirgi." A sayar da gona ko shanun huɗa, yaro ya ƙare a wata ƙasa ba ƙungiya ba kuɗin dawowa. Dokar FIFA ta hana kai yaron da bai cika 18 ba wata ƙasa, sai a wasu 'yan yanayi da ba su shafi yawancin yaranmu ba. Ahmed Musa kansa sai da ya jira ya cika 18 a Oktoban 2010 kafin ya fara buga wa ƙungiyarsa ta Holan. Ƙungiyar da take son yaro da gaske ita take biyan kuɗin tafiyarsa.

Yadda ake karanta tarihin koci

Ƙirga kofuna kaɗai ba ya isa. Roberto Di Matteo ya ci wa Chelsea kofin zakarun Turai a Mayun 2012, abin da Mourinho bai yi mata ba, a Nuwamba aka kore shi, kuma ba wanda yake sa shi a sahun manyan kociyoyi. Ferguson ya karɓi Manchester United a Nuwamban 1986, bai ɗaga kofi ba sai 1990, lig kuwa sai 1993. Da an auna shi da shekara ukun farko, da ba a ga lig 13 da suka biyo baya ba, da ba a ga su Giggs da Scholes da Beckham ba. Makarantar ASEC da Jean-Marc Guillou ya jagoranta ta fara a 1994, sai a 1999 yaranta suka fito suka doke Espérance ta Tunisiya 3 da 1 a kofin Super na Afirka, kuma daga cikinta su Kolo da Yaya Touré da Zokora da Eboué suka fito. Marigayi Stephen Keshi, tsohon kocin Najeriya, ya nuna ana iya haɗa biyun: ya ɗauki 'yan wasan gida zuwa gasar kofin Afirka a Afirka ta Kudu a 2013 ana ta surutu, sai ga Sunday Mba, ɗan lig ɗin gida, ya ci ƙwallon da ta fitar da Kwaddibuwa, ya kuma ci wadda ta kawo kofin bayan shekara 19.

Saboda haka idan mai kofi ya zauna a gabanku, ku tambaye shi mutum nawa ne 'yan asalin garin a cikin sha ɗayan da suka buga wasan ƙarshe, nawa aka kashe, kuma ina kulob ɗin yake yanzu. Ku aika mutum garin ya tambayo, ba nisa ba ne. In kun tarar kulob ɗin ya watse bayan tafiyarsa, ko an bar shi da bashi, kun samu amsa. Idan mai raino ne, kada ku karɓi labari, ku ce ya kira sunayen yara biyar da suka wuce ta hannunsa da inda suke yau. Sannan ku je filinsa ba tare da sanarwa ba. Ku duba ko kowane yaro yana taɓa ƙwallo, ko kuwa gudu kawai ake sa su suna zagaya fili. Ku duba ko yana koya musu ƙafar hagu, da tsayar da ƙwallo, da ɗaga kai kafin a ba da ita. Ku saurari yadda yake magana da wanda ya yi kuskure, domin kocin da ke zagin iyayen yara ko dukansu ba mai raino ba ne ko da ya iya ƙwallo. Ku tambayi abin da ya yi ranar da wani yaro ya karye, ko ya bi shi wurin mai ɗori ko asibiti, ko kuwa ya bar wa iyaye.

Ga kulob ɗin da yawancin 'yan wasansa ba su kai ashirin ba, kuma kuɗinsa na karo-karo ne, wanda shi ne halin mafi yawan garuruwanmu, ni mai raino zan ɗauka, amma da yarjejeniya a rubuce a gaban dagaci ko mai unguwa. A ba shi shekara biyu cikakku, kada a kore shi don an fitar da ku a zagayen farko na bana. A shekara ta biyu kuwa a nemi ganin canji a fili, domin haƙuri ba ya nufin a daina tambaya. A yarda masa da baƙo ɗaya ko biyu a gurbin da gari ba shi da kowa, wanda sau da yawa gola ne, da sharaɗin baƙon ya riƙa zuwa atisaye yaran su koya a wurinsa. A rubuta cewa babu yaron da zai tafi gwaji ko'ina sai da sanin mahaifinsa da kwamiti, kuma babu wanda zai karɓi kuɗi a hannun iyaye da sunan tafiya. A ajiye littafi ɗaya mai ɗauke da sunan kowane yaro, da hotonsa, da ranar haihuwarsa ta gaskiya kamar yadda take a takardar makaranta, da ranar da ya shigo kulob. Kuɗin farko da ya shigo asusu kuma, kafin a sayi sababbin riguna, a ba sakatare ya tafi Dutse ko Kano ya yi wa kulob da yaran rajista a hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha.